Hoto ras, sauti ya ƙi: kafin ka yarda a buɗe bayan talabijin

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar talabijin mai inci 43, na haɗa ta da dikoda da wayar HDMI. Hoto ras, sifikar jikinta ma tana magana. Amma tsohuwar hom tiyatar da nake da ita ta ƙi cewa uffan da na jona ta a bayan talabijin da wayar nan mai kai ja da fari. Da na mayar da wayar bayan dikoda sai sauti ya zo, amma da wani gurnani a ƙarƙashinsa, kuma magana tana riga bakin mai yin ta. Tsohuwar talabijin ɗin kuma na kai ta ɗakin mahaifiyata na ja mata waya daga dikoda, hoto yana zuwa, sauti kuwa sai shuuu. Wani mai gyara ya ce bod ɗin sautin sabuwar ne ya ƙone, in kawo a canza. Me kuke gani?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka kai talabijin ɗin nan ko'ina tukuna, kada kuma ka bari a kwance mata ko da sukuru ɗaya. Bayaninka da kansa ya wanke ta. Ka ce sifikar jikinta tana magana, to wannan maganar ta cikin bod ɗin da aka ce ya ƙone take biyowa. Sabuwa ce kuma, da zarar an ɓalle tambarin bayanta, garantin da aka ba ka ya tashi. Ba na zargin mai gyaran da mugun nufi, wataƙila labari aka ba shi da baki bai ga bayan na'urar ba. Amma raina yana ɓaci duk sanda na ga an raba magidanci da kuɗin cefanensa kan abin da sauya rami ɗaya zai gyara. Matsaloli huɗu ka kawo, kowace da sababinta, kuma babu wadda ke buƙatar a narka dalma.

Ɗauki cocila ka leƙa bayan talabijin ɗin, daidai ramukan nan ja da fari da ka cusa wayar. Karanta ɗan rubutun da ke gefensu. Za ka ga an sa AV IN, ko AUDIO IN, ko COMPONENT IN. Wannan IN ɗin shi ne duk labarin, ma'anarsa mashiga. Ramukan an yi su ne don su karɓi sauti daga waje, daga DVD ko tsohuwar dikoda, ba don su fitar ba. Ɗaya ƙarshen wayar kuma ka riga ka sa shi a AUX IN na hom tiyata, wanda shi ma mashiga ne. Ka haɗa kunne da kunne ke nan, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya yi magana. Sauti kamar ruwan famfo yake, daga OUT yake fitowa ya zuba a IN, ba ya komawa da baya. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yawancin tsofaffin talabijin masu ƙaton baya suna da ramukan ja da fari jeri biyu, na shiga da na fita, hannu ya saba. Siraran na yanzu akasarinsu an cire musu na fitar, an bar na shigar kawai.

To ta ina sauti ke fita daga sabuwar? Hanya uku ce, kuma bayan hom tiyatarka ne zai zaɓa maka.

Mafi sauƙi shi ne ramin abin sawa a kunne, ƙaramin nan mai faɗin milimita 3.5 irin na wayar salula, da zanen hedifon a gefensa ko rubutun AUDIO OUT. Ka nemi waya mai siririn kai ɗaya a gefe guda, ja da fari a ɗaya gefen. Siririn ya shiga talabijin, ja da farin su shiga AUX IN. Ka ɗaga ƙarar talabijin zuwa wajen kashi biyu bisa uku, sannan ka daidaita sauran a hom tiyata, domin in ƙarar talabijin ta yi ƙasa sosai za ka ƙure amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti ta hom tiyata, ita kuma ta ɗago maka da duk wata hayaniyar da ke cikin waya. Sai dai ka lura da kyau, ba kowane ƙaramin rami ne na kunne ba. Akwai talabijin da ke da rami mai girman nan sak amma an rubuta AV IN, na wata 'yar gajeriyar waya ce mai kai uku da ke zuwa a cikin kwali, akwai kuma wanda aka rubuta SERVICE, na ma'aikatan kamfani ne. Ka bi rubutu, kada ka bi girman rami.

Wannan ramin na kunne yana da wani ɗan makunni a cikinsa da ke kashe sifikar talabijin idan an cusa abu. A lokacin hunturu ƙura takan cika shi har makunnin ya maƙale, talabijin ta ɗauka an sa hedifon, ta yi gum. An sha kawo mini irin wannan da sunan sauti ya mutu. Na cusa kan hedifon na zare sau biyar ko shida, na busa iska, magana ta dawo.

Hanya ta biyu ita ce ta haske, ramin da aka rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO OUT. Ɗan murabba'i ne mai ƙaramar ƙofa, in talabijin tana kunne za ka hango jan haske a ciki. Kamfanin Toshiba ne ya fito da wannan tsarin a 1983, shi ya sa ake kiransa TOSLINK, kuma har yau ni shi na fi so a gidajenmu, zan gaya maka dalili idan muka zo kan gurnani. Wayarsa ba ƙarfe a cikinta, zaren roba ne da haske ke bi, don haka ba a lanƙwasa ta sosai, ba a kuma danne ta da ƙafar kabad. Sabuwar wayar tana zuwa da 'yan huluna na roba a kan kowane baki, ƙanana ƙwarai, masu kama da jikin wayar. An taɓa kirana wani gida, maigidan ya sayi irin wannan waya har biyu yana cewa duk jabu ne don sun ƙi zama a rami. Na karɓa na sa farce na ɓalle hular, wayar ta shiga ta yi ƙas, karatun da ake yi a tashar ya cika falon. In ka cusa gefe ɗaya a talabijin, ka duba ɗaya bakin, in jan haske ya fito waya lafiyarta lau.

Idan hom tiyatar tana da nata ramin na haske, shi ke nan. In kuwa ja da fari kawai gare ta, kamar yawancin tsofaffi, akwai wani ɗan akwati da bai kai girman kwalin ashana biyu ba, a kasuwa ana ce masa kwanbata, yana karɓar haske ya mayar da shi ja da fari. Yana buƙatar wutar bolt 5 irin ta cajar waya. Kuma a nan ne gizo ke saƙa: dole ka shiga saitin sautin talabijin, ka nemi wurin da ake zaɓar nau'in sautin da ke fita, ka mayar da shi PCM. Za ka tarar da shi a kan Auto, ko Bitstream, ko Dolby Digital.

Bari in tsaya a kan wannan, don shi ne ke cinye wa mutane kuɗi fiye da komai. PCM sauti ne a buɗe, hagu da dama, kowace na'ura tana gane shi. Dolby Digital kuwa sauti ne na sifika shida da aka ƙulle a ƙunshi ɗaya, sai na'urar da ke da mabuɗinsa ce za ta kwance shi. Ƙananan kwanbatocin nan da tsofaffin amfilifaya da yawa ba su da mabuɗin. In aka miƙa musu ƙunshin, ko su yi shiru, ko su saki wata ƙara mai tsinin gaske kamar ana soya tsakuwa, wadda za ta iya fasa ƙananan sifikoki in ƙara tana sama. Shi ya sa nake rage ƙara zuwa ƙasa kafin kowane gwaji. Alamar wannan matsala ba ta ɓuya: wata tashar tana magana wata ba ta yi, tashar labarai lafiya, ta ƙwallo ko ta fina-finai shiru. Duk sanda ka ga sauti yana zaɓar tasha, waya ba ta da laifi, waya ba ta san tasha ba. Ka koma saiti. Ita ma dikodar tana da nata wurin zaɓin, shi ma a sa shi PCM ko Stereo.

Hanya ta uku ita ce ARC. Asalin HDMI, tun fitowarsa a 2002, hoto da sauti yake kaiwa cikin talabijin kawai. A 2009, da aka fito da HDMI 1.4, sai aka ƙara masa damar dawo da sauti daga talabijin zuwa amfilifaya ta waya ɗaya, shi ne ARC, aka kuma faɗaɗa shi zuwa eARC tare da HDMI 2.1 a 2017. Ko talabijin tana da ramin HDMI uku, ɗaya ne tak ke da wannan aikin, kuma an rubuta ARC a gefensa. Dole ita ma hom tiyatar a ga rubutun ARC a nata ramin. Tsofaffin hom tiyata masu haɗe da DVD suna da HDMI OUT, amma aikinsa tura hoton faifai zuwa talabijin ne kawai, ba ya karɓar komai, ko ka kwana kana gwadawa. In duka biyun suna da shi, sai ka kunna abin da ake kira CEC, wanda ke ba na'urorin damar yi wa juna umarni, don a yawancin talabijin ARC ba ya tashi sai da shi. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na ce masa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic VIERA Link, Philips EasyLink. In an kunna komai ya ƙi, ka zare fulogin dukkansu daga bango, ba kashewa da rimot ba, ka ba su minti biyu, ka fara kunna talabijin, sai hom tiyata, sai dikoda. Na'urorin HDMI suna gaisawa da juna a lokacin tashi, kowace ta faɗi abin da take iya karɓa, kuma yadda wutarmu ke ɗaukewa ta dawo bagatatan, gaisuwar takan yanke a tsakiya.

Duk hanyar da ka bi, ka tabbata hom tiyatar tana kan mashigar da ka jona. In waya tana AUX, fuskarta ta nuna AUX, ba DVD ko FM ba.

Yanzu maganar da ke riga baki. Wannan ba lalacewa ba ce. Talabijin ta zamani ba ta nuna hoto nan take yadda ya iso, sai ta gyara launinsa, ta daidaita girmansa da allonta, ta sassauta motsinsa, duk wannan yana cin wani ɗan yanki na daƙiƙa. Ita ta san tsawon jinkirin, don haka take riƙe sautin jikinta har hoto ya kammala su fito tare. Kai kuwa da ka ɗebi sauti kai tsaye daga dikoda, ka yanke masa hanya, ya isa kunnenka hoto yana can ana masa kwalliya. Abin da ya sa yake damun mutum haka shi ne Allah ya saba mana da gani kafin ji. In mace tana daka daga nesa, kana ganin taɓarya ta faɗa turmi sannan dukan ya iso, don sauti mita 340 da 'yan kai yake ci a daƙiƙa, haske kuwa ba a maganarsa. Ƙwaƙwalwa tana yafe wa sautin da ya makara, amma wanda ya riga hoto ba ta san shi a duniya ba. Ma'aunin da ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta fitar ya nuna mutum yana fara gane saɓanin in sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, amma in makara ya yi sai ya kai kashi 125. Maganin shi ne ka ɗebi sautin daga talabijin ta ɗaya daga hanyoyi ukun can. Da haka ma duk abin da ka kunna a kanta, na filashi ne ko YouTube, zai fita ta manyan sifikoki, abin da jonin dikoda ba zai ba ka ba. In dole sai daga dikodar, ka nemi Audio Delay ko Lip Sync a saitinta ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana kallon bakin mai karanta labarai, ka kuma kashe saitin sassauta motsi a talabijin. Ka rufe sifikar talabijin ɗin gaba ɗaya, in ba haka ba za ka ji magana biyu kamar a cikin rijiya.

Sai gurnanin. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ƙugin mai kauri, huuum, wanda ba ya hawa ba ya sauka, muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutarmu tana kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa, shi ne kake ji ya sato hanya ya shiga wayar sauti. Ga yadda nake gano mashigarsa, kuma ina roƙonka ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, don in ka taɓa uku tare, ko ya gyaru ba za ka san wanne ne ba.

Fara da zare ja da farin daga bayan hom tiyata, ka bar ta a kunne. In gurnanin yana nan ba komai a jone, ciwon a cikinta yake, galibi manyan kafasitocin sashen wutarta, masu tace wutar ta yi sumul, ne suka gaji, musamman in ta sha zafi shekara da shekaru. Wannan ne kaɗai a duk labarinka zai kai ka shagon gyara, kuma hom tiyatar za ka ɗauka, ba talabijin ba. In ta yi tsit, mayar da wayar. Gurnani ya dawo? To kashe dikoda daga bango, ka kwance wayar dish daga bayanta, ka sake kunnawa. In ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Wayar dish tana taɓa ƙarfe a waje, jikin gini ko kwanon rufi ko turken da ke cikin ƙasa, na'urorin falo kuma suna da tasu hanyar zuwa ƙasa ta soket. Ƙasan biyu ba daidai suke ba, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu, kuma hanyar da take bi ita ce rigar ƙarfen da ke kewaye da zuciyar wayar sautinka. Wayar da ka ja zuwa ɗakin Hajiya ma tana iya haddasa haka, tunda soket ɗin can daban ne, ita ma ka kwance ta ka saurara.

Abu na farko, ka tara talabijin da dikoda da hom tiyata a kan ekstenshan ɗaya mai kyau mai baki uku. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, wayar hasken nan ita ce magani, tunda roba ce babu ƙarfen da wuta za ta bi, zagayen ya yanke. Amma ga wani tarko da na daɗe ban ankara da shi ba sai da aiki ya koya mini: in ka ba ɗan kwanbata wuta daga ramin USB na talabijin, ka sake haɗa ƙarfen da ka raba, gurnani ya dawo ta bayan gida. Ka ba shi cajarsa daban, mai kyau. Akwai kuma ɗan abin da ake sawa a tsakiyar ja da fari mai ƙananan taransifoma a ciki, masu haɗa sautin mota sun san shi, yana aiki. Abin da ba za ka yi ba shi ne sa irin wannan mai raba wuta a kan wayar dish, domin dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wayar zuwa kan dish da ake kira LNB, in ka tare wannan wutar sigina ta tafi gaba ɗaya.

Kuma don Allah kada ka yarda da shawarar karya dogon haƙorin fulogi, na ƙasa. Gurnani zai iya ɗaukewa, amma wannan haƙorin shi ne ke tsakanin wuta da hannun yaron da zai dafa jikin amfilifaya ƙafarsa a kan siminti mai danshi. Na fi son ka zauna da gurnanin shekara guda da ka yi wannan.

In ƙarar ba ƙugi ba ce, zizar ƙudan zuma ce, kuma sai an koma janareta ko inbata take zuwa, to wutar ce ba sumul ba. Ƙananan inbatoci masu arha wutarsu a tsittsinke take fita, kayan sauti ba sa son ta. In kuma gurnanin yana canzawa idan ka motsa wayar, rigarta ce ta tsinke a wuyan kai, ko zoben kan ya saki. Ka canza ta, ka kuma raba ta da wayoyin wuta, kada a ɗaure su a dami ɗaya.

Tunda za ka yi ta zarewa da mayarwa, ga gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa tsada. Kada ka cusa ko ka zare HDMI alhali na'urorin suna jone da bango. A gidan da wayarin ɗinsa ba shi da ƙasa mai kyau, jikin dikoda yakan ɗauki 'yar wuta, ita ce kake ji tana ɗan cizonka in ka taɓa kan wayar dish. Kan HDMI haƙora 19 ne sirara a jere, a bayansu kuma akwai ɗan guntun lantarki da bolt kaɗan yake ɗauka. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe ramin. Haka in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare fulogi kaɗai bai wadatar ba, a kwance wayar dish ma, don ta nan aradu ta fi shigowa, ta bi dikoda, ta bi HDMI, ta faɗa talabijin. Farkon damina ne lokacin da shaguna irin namu ke cika da talabijin masu mataccen rami. In cizon kuwa ya wuce ɗan tsikari, ya kai ga fizgar hannu, ka kashe komai ka kira mai wayarin a ranar.

Mu je ɗakin Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Hoto mai kyau da sauti shuuu a kan wayar eriya tsohuwar matsala ce da muka sha fama da ita tun zamanin bidiyo mai kaset. Ramin RF OUT na dikoda ƙaramar tashar talabijin ce irin ta da, tana aika hoto a wani zango, sauti kuma a ɗan nesa da shi. Wannan nisan ƙasashe ba su daidaita a kansa ba. A tsarin BG, wanda Najeriya ta bi tare da yawancin Yammacin Turai, megahaz 5.5 ne. A tsarin I na Ingila da Afirka ta Kudu, 6.0 ne. A tsarin DK, wanda Nijar da ƙasashe da dama rainon Faransa suka bi irinsa, 6.5 ne. In dikoda tana aikawa a I, talabijin tana nema a BG, za ta kama hoto ta rasa sauti, sai ta ba ka iskar da ke wurin. Shiga wurin neman tasha da hannu a tsohuwar talabijin, ka nemi Sound System, ka juya tsakanin BG da I da DK har magana ta fito, sannan ka adana. In 'yar gwanjo ce da aka yi don kasuwar Ingila, tana iya kasancewa I kaɗai ta sani, sai ka je saitin dikodar ka mayar da fitarta I. In ɗan akwatin modileta, mai mayar da hoto da sauti su bi wayar eriya, ka sa a tsakani, makunnin zaɓin yana jikinsa. Mutanen da ke kan iyaka, masu sayen kaya a Maraɗi su kai Katsina ko daga Kano zuwa Damagaram, sun fi kowa sanin wannan.

In ka dace da tsarin amma sauti yana da ɗan yashi, hoto ma da ɗan yayyafi, kan wayar ne. Kwance shi ka duba a haske. Wayar RG6 tana da ƙarfe ɗaya a tsakiya, farar roba kewaye da shi, sai takardar azurfa, sai saƙar siraran wayoyi kamar gashi. Ana fere baƙar rigar, a kwantar da gashin baya gaba ɗaya, a fere farar robar a bar tsakiyan ya fito kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu, sannan a murɗa kan. Silin gashi ɗaya tak in ya kwanta ya taɓa na tsakiya, ya isa ya kashe sigina, a wayar dish kuma ya haɗa wutar LNB. Ba a ƙara tsawon irin wannan waya da murɗawa a naɗe da salatif, akwai ƙaramin ƙarfen haɗi da aka yi don haka. Ta waje kuma, kafin ta shiga bango, a bar ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa yadda ruwan sama zai ɗiga a can maimakon ya bi ta ya shigo. Wayar da ruwa ya shiga, in ka fere ta za ka ga saƙar ta yi baƙi ko kore, ba ta gyaruwa, sai a yanke har inda ta yi fes. Alamarta a falo ita ce sauti yana yankewa kamar mai in'ina, hoto yana farfashewa gida-gida. Wannan sigina ce, ka duba ma'auninta a dikoda, kuma ka sa ido a kan layin inganci, shi ne mai magana, ba na ƙarfi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da za ka iya cin karo da su bayan sautin ya zo. In kana jin kiɗa da ƙarar mota a fim amma maganar mutane ta nutse, sifikar tsakiya ce ba a jona ba, don a tsarin sifika shida magana ta nan take fita, sai ka jona ta ko ka koma Stereo. In fim ɗin filashi ya zo ba sauti alhali sauran suna yi, nau'in sautinsa ne talabijin ba ta karantawa, sau da yawa DTS. In sauti ya zo fayau ba nauyi, duba wayoyin sifika, ja a ja, baƙi a baƙi, ɗaya in ta juya sifikokin suna cinye ƙarfin juna. Kana iya gwada kowace sifika da ƙaramin batirin rimot mai bolt 1.5: zare wayarta daga amfilifaya, taɓa bakunan biyu a kan batirin ka ɗauke, mai rai za ta yi ƙwas. Wayar HDMI kuma, ta mita biyu ko uku mai rubutun High Speed ta ishe ka, ruwan zinaren da ke kanta ba ya ƙara wa hoto ko sauti komai. Sai ta haura mita biyar ne kyawunta ke fara zama abin dubawa.

Ranar da za ka yarda cewa sashen sautin talabijin ya lalace ita ce ranar da sifikar jikinta ta yi shiru a kowace mashiga, dikoda da filashi da eriya, ramin kunne ma shiru, ka tabbata saitin fitar sauti yana kan sifikar talabijin ba kan Bluetooth ko ARC ba, ka mayar da ita saitin kamfani, duk ba labari. Ko a ranar, tunda sabuwa ce, wurin da ka saya za ka nufa da rasit ɗinka.

In ka gwada waɗannan wani abu ya rage, ka rubuto mini duk rubutun da ke bayan hom tiyatar, rami bayan rami, yadda yake a jiki, da abin da ya faru da gurnanin lokacin da ka kwance wayar dish. A gaishe da Hajiya.